Tsohuwar Bas Da Sauyin Inji: Daga Dizal Zuwa Fetur

Sauke injin dizal daga tsohuwar bas a ɗora mata na fetur aiki ne da aka daɗe ana yi a garejojin ƙasar Hausa. Ana yin sa a Kano da Katsina. Ana yin sa a nan Daura da garuruwan masarautarta. Direba yakan ce tsadar dizal ta ishe shi. Mai mota yakan ce injekta ta cinye masa jari. Bakanike kuwa yakan ce a kawo inji kawai, kafin mako ya zagayo mota ta hau titi. Sharhin yau zai bi wannan aiki daki-daki. Magana ɗaya ce za a riƙa dawowa kanta. Canjin inji aikin mota ne gaba ɗayanta, kuma farashin lita shi kaɗai bai isa ya sa a yi shi ba.

Da farko, waɗanne motoci ne ake magana a kansu? Duk mai shiga tasha a Daura ya san su. Akwai Toyota Hiace mai ɗaukar fasinja zuwa Katsina, ko zuwa Kano ta Kazaure. Akwai Peugeot J5 mai dakon gero da wake da awaki ranar kasuwar Mai'adua. Akwai Ford Transit da Mitsubishi L300. Jefi-jefi akan ga tsohuwar Volkswagen mai inji a baya, irin waɗanda suka cika titunan Legas. Kaɗan ne cikinsu suka shigo ƙasar nan a sababbi. Yawanci sun gama aiki a Turai, aka loda su a jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Legas.

Wasunsu a can Turai gidajen tafi-da-gidanka ne. Magidanci yakan sayi ƙaramar bas, a sa mata gado da kabad da murhu da tankin ruwa, ya kwashi iyalinsa su tafi hutu. Kamfanin Westfalia na Jamus ya yi suna wajen yi wa motocin Volkswagen wannan gyara. J5 ma, da 'yan uwanta Fiat Ducato da Citroën C25, waɗanda aka fara ƙerawa a 1981, an gina irin waɗannan gidaje da dama a kansu. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turai sukan tuƙo tsoffin motoci su keta Sahara, ta Tamanrasset da Arlit da Agadas, su sayar a Nijar. Ta ruwa ta zo ko ta hamada, mota in ta iso nan mai walda ne ke tarbarta. A ɓalle gado, a fitar da kabad, a jera kujeru, ko a bar bayan fayau don kaya. Inji ne ba a taɓawa da farko. Da yawansu kuma da injin dizal suke zuwa, domin shekara da shekaru harajin dizal bai kai na fetur ba a yawancin ƙasashen Turai.

To, me ke sa a sauke injin da mota ta zo da shi? Dalili na farko kuɗin mai ne. A Nijeriya lamarin ya sha bamban da na Turai. Tun 2003 gwamnati ta janye hannunta daga farashin dizal, ta bar shi ga kasuwa. Fetur kuwa aka ci gaba da biya masa tallafi. A Janairun 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta gwada janye tallafin. Zanga-zanga ta ɓarke a manyan birane, gwamnati ta ja da baya. A 2016, zamanin marigayi Muhammadu Buhari, an ƙara wa fetur kuɗi zuwa naira 145. Sai kuma 2022 ta zo. Yaƙin Rasha da Yukren ya hargitsa kasuwar mai ta duniya. Litar dizal ta haura naira 700, alhali fetur a gidajen mai na birane bai kai 200 ba. A wannan shekara mai bas ta dizal ba ya iya gogayya da mai bas ta fetur a layi ɗaya. Kuɗin mota iri ɗaya fasinja zai biya su. Wanda ya sauya inji a lokacin, lissafinsa ya fita.

Amma tazarar nan ba daga injunan ta fito ba. Daga manufar gwamnati ta fito. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafi a jawabinsa na kama mulki. Cikin kwanaki fetur ya ninka kuɗinsa fiye da sau biyu. Kafin ƙarshen 2024 lita ta haura naira dubu. Tazarar da ke tsakaninsa da dizal ta ragu ƙwarai. Dalilin da ya sa mutane da yawa sauya inji ya raunana. Wannan ne ya sa ake nanata cewa farashin lita kaɗai bai isa hujja ba. Farashi yakan juya cikin dare ɗaya, inji kuwa in an ɗora shi zai shekara biyar ko fiye a motar.

Dalili na biyu ya fi na farko daɗewa, shi ne wahalar gyara. Zuciyar injin dizal ita ce injekta da nozul-nozul ɗinta. Ƙarafa ne da aka goge su daidai wa daida, ƙura ƙwaya ɗaya tana iya ɓata su. Ga hazo da ƙurar hunturu. Ga man da aka sha gaurayawa da kananzir. Ga ruwa da laka a gindin jarka. A 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoto kan dizal ɗin da ake kawowa Afirka ta Yamma. Ta nuna sinadarin sulfa da ke cikinsa ya ninka abin da aka yarda da shi a Turai sau ɗaruruwa. In injekta ta lalace, ba a gyara ta a gindin bishiya. Sai an ɗora ta a na'urar gwaji, a saita ta. Masu wannan sana'a sun fi yawa a manyan birane, musamman Kano. Mota sai ta kwana a ajiye, direba da yaron mota suna zaman jira. Injin fetur mai kafireta kuwa, kusan kowane gari a kan hanyar Baure ko Zango akwai mai taɓa shi. Wannan dalili yana da ƙarfi, kuma ba ya hawa da sauka da farashin mai.

Yanzu sai a duba injunan biyu, domin daga bambancinsu duk aikin ya taso. Injin fetur ya samo asali daga aikin Nikolaus Otto na Jamus a 1876. Yana zuƙar iska gauraye da fetur. Fistin ya matsa su, fulogi ya ba da tartsatsi, wuta ta kama. Injin dizal kuwa Rudolf Diesel ne ya fito da shi yana aiki a 1897. Shi ba ya buƙatar tartsatsi. Iska zalla yake zuƙa, ya matse ta wajen ninki ashirin, ta yi zafi matuƙa. A daidai lokacin nozul ke fesa mai, man ya kama da kansa. Matsin injin fetur bai cika wuce rabin wannan ba.

Daga nan abubuwa da dama suka biyo. Injin dizal ya fi nauyi da kauri, domin ya jure matsin. Ya fi ƙarfin ja yana juyawa a hankali. Ya kuma fi tsimin mai. Injin fetur ya fi sauƙi da shiru, amma sai ya juya da sauri ƙarfinsa ke fitowa. Na dizal san noma ne, na fetur doki ne. Kowanne da kayan da aka ɗinka masa. Saboda haka ba a mayar da injin dizal ya koma shan fetur da sauya 'yan ƙananan kayayyaki. Wanda ya zuba fetur a tankin dizal zai kashe injekta, domin maiƙon dizal ne ke hana ƙarafanta cin juna. Hanya ɗaya ce. A sauke wancan inji ɗungurungum, a ɗora wani.

A nan, masu sauraro, aka iso kan aikin kansa. Matakin farko shi ne zaɓen inji. Mafi dacewa shi ne injin da kamfanin ya taɓa sa wa irin wannan mota. Toyota ta sayar da Hiace da injunan dizal na gidan L, irin su 2L da 3L da 5L. Ta kuma sayar da ita da na fetur na gidan RZ, tsoffin kuma na gidan Y. Ke nan mazaunin inji da giyabos da tiyoyin da suka dace duk akwai su a kasuwa. Volkswagen mai inji a baya ma tana da wannan sauƙi. Injin dizal ɗinta dangi ɗaya ne da na fetur ɗin Golf da Passat, don haka yakan haɗu da giyabos ba tare da dogon sassaƙa ba. J5 kuwa injin fetur ɗinta ɗan gida ɗaya ne da na Peugeot 504. Makanikan Arewa sun san wannan inji ciki da waje, tun da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975. Sai dai a J5 injin a gicciye yake kwance, yana jan tayoyin gaba. Don haka ba a ciro na 504 a jefa kai tsaye.

Masu sayen inji daga Daura sukan nufi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, wasu su aika har Ladipo a Legas. Wanda ya san kan abin ba ya sayen inji tsirara. Yakan nemi wanda ya zo da giyabos ɗinsa, da kik, da altaneta, da wayoyinsa ba a yanke ba. In da hali, a sayi rabin motar da aka yanko da kayanta duka. Ya fi tsada ranar saye. Amma yana rage zirga-zirgar neman ƙananan abubuwa ɗaya bayan ɗaya, wadda ita ce ke cinye kuɗi ba a sani ba. Kuma a tayar da injin tun yana ƙasa. A saurari ƙararsa, a dubi hayaƙinsa, a buɗe murfin baƙin mai a ga ko ya gauraya da ruwa. A yi yarjejeniyar mayarwa a gaban shaidu.

Mataki na gaba mazaunin inji ne da giya. Nan ne gaggawa ta fi yin ɓarna. In mazauni bai dace ba, mai walda yakan yanko ƙarfe ya ƙera wani. Ba laifi ba ne, in dai an auna. Inji in ya karkace ko da kaɗan ne, farfela za ta riƙa girgiza. Roba za ta tsage, giyabos ya fara kuka. Akwai kuma batun da ba a gani da ido. An ƙididdige haƙoran giya da na aksul ne bisa saurin juyawar injin da mota ta zo da shi. In aka bar giyar dizal aka haɗa ta da injin fetur, mota takan yi nauyin tashi da lodi. Direba sai ya riƙa taka totur yana ƙona kuloci. A kan yashi ko hanyar ƙauye bayan ruwan sama abin ya fi fitowa fili. Direbobi sukan ce motar ba ta da ƙarfi. Sau da yawa ƙarfin na nan, giyar ce ba tasa ba.

Sai kuma birki. Masu sauraro, a kasa kunne sosai a nan. Abin da ke sa birkin mota ya yi laushi a ƙafa wani ganga ne da ke aiki da zuƙar iska. Injin fetur da kansa yake samar da wannan zuƙa, daga bututun da yake shaƙar iska. Injin dizal ba ya samar da ita, don haka ake sa masa ƙaramin famfo na musamman. A wasu motocin Toyota famfon a bayan altaneta yake. In an sauke injin dizal, famfon ya tafi tare da shi. Dole a jawo sabon tiyo daga injin fetur zuwa gangan birki, tare da ɗan bawul ɗin da ke hana iska komawa. In aka manta, ko aka sa tiyo mai laushi da ke mannewa, birki zai ƙage. Mota cike da mutane, a gangare, ga birki ba ya shiga. Kafin a ɗauki fasinja ko ɗaya, a gwada birki da lodi a fili.

Daga birki sai hanyar mai. Tankin da ya shekara goma yana ɗaukar dizal yana da laka a gindinsa. Fetur yana narkar da wannan laka, ya tura ta cikin kafireta ko nozul. Don haka a sauke tanki a wanke shi, ko a sauya shi. Kada kuma a kusanto shi da wutar walda yana da tururin mai a ciki. Tiyoyin roba duk a sauya su da waɗanda aka yi don fetur. Injin kafireta ƙaramin famfo ya ishe shi. Injin fetur mai injekta kuwa yana buƙatar famfon lantarki mai matsi, da tiyo da maɗaurin da za su jure wannan matsi. Ɗaurin waya ko igiyar roba ba su da wuri a nan.

Aikin rewaya shi ne na gaba, kuma ba ƙarami ba ne. Za a cire wayoyin hita da ke ɗumama injin dizal da sanyin safiya. Za a kawo wuta zuwa kwayil. In injin na zamani ne, akwai ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa shi, da na'urorin da ke aika mata labari. Wasu injunan ba sa tashi sai da makullinsu na asali. Shi ya sa ake ganin makanikai suna cire injekta daga sabon inji su ƙera masa kafireta. Motar za ta tashi, amma ta ƙara shan mai. An gudu daga tsadar dizal, an faɗa wa ɓarnar fetur. Wasu manyan motocin dizal kuma batir biyu suke aiki da shi. In aka koma batir ɗaya, fitilu da duk kayan wuta sai an bi su. Kowace waya a sa mata fis. Famfon mai na lantarki kuma a haɗa shi yadda zai mutu in inji ya mutu.

Sauran biyu su ne sanyaya inji da salansa. Lagireton dizal yakan wadatar, in an wanke shi an daidaita tiyoyinsa. Salansar injin fetur kuwa ta fi zafi. A nisanta ta daga tiyon mai da wayoyi, a sa mata garkuwar ƙarfe inda ta kusanci daɓen mota. Bututun shaƙar iska kada ya kalli taya, inda ƙura ta fi tashi. Duk wannan jeri yana komawa ga magana ɗaya. Canjin inji aikin mota ne gaba ɗayanta.

Akwai abin da ya cancanci a tsaya a kansa daban, shi ne gobara. Dizal mai ne mai haƙuri. Sai ya ɗumama sama da digiri 50 kafin tururinsa ya kama wuta. Fetur kuwa yana fitar da tururi mai kamawa ko da cikin sanyin da ya fi na ƙanƙara. A Daura zafin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40. Ɗigon da aka saba gani a ƙarƙashin motar dizal a yi biris da shi, a motar fetur hatsari ne babba. Ga Hiace da L300, inji a ƙarƙashin kujerar gaba yake. Ga ƙofar fasinja guda ɗaya tak. Ga al'adar ajiye jarkar mai a cikin mota, musamman a garuruwan bakin iyaka. Wannan al'ada ta ƙaru a 2019, lokacin da aka hana kai mai gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, jama'a suka koma hannun 'yan bumburutu. Jarkar dizal a ƙarƙashin kujera ba ta saurin kama wuta. Jarkar fetur a wuri ɗaya tana iya hallaka mota da mutanenta. Dokar hanya ta wajabta abin kashe gobara a mota. A motar da aka sauya wa inji, kada ya zama na nuna wa jami'an kiyaye haɗura kawai. Ya kasance cike, kuma inda hannun direba zai kai.

To, a koma ga lissafi. Yaya mai mota zai gane ko aikin zai biya? Litar dizal ta fi ta fetur ƙarfi, injinsa kuma ya fi iya amfani da ita. Ga misali. A ce tafiyar da bas ke yi da lita goma ta dizal, bayan sauyi tana cin lita goma sha uku ta fetur. Ke nan sai fetur ya gaza kashi uku cikin huɗu na kuɗin dizal, ko kusa da haka, kafin a fara ganin rara. In tazarar ba ta kai nan ba, lita ta yi araha amma tafiya ta yi tsada. Abin aunawa shi ne kuɗin man zuwa Kano da dawowa. A cika tanki, a yi tafiyar, a sake cikawa, a rubuta. A tambayi mai irin motar da ya riga ya sauya, shi ma a ji nasa. Sannan a tara kuɗin inji, da na bakanike, da na rewaya, da na walda, da kwanakin da mota za ta yi ba ta kawo balas ba. A cire abin da tsohon injin zai kawo in an sayar. A raba abin da ya rage da rarar kowace tafiya. Amsar za ta nuna yawan sawun da mota za ta yi kafin ta mayar da kuɗin.

Irin aikin motar ma yana shiga lissafi. Bas mai gajerun tafiye-tafiye tsakanin Daura da Sandamu ko Mai'adua, mai tsayawa tana tashi, fetur ba zai cuce ta sosai ba. Motar da ke dakon hatsi da dabbobi zuwa Kudu, dare da rana, da lodi har sama, dizal ne abokinta. A can ne tsimin mai da ƙarfin ja ke nuna kansu.

Batun takardu gajere ne, amma ana yawan mantawa da shi. Lambar inji tana rubuce a takardun mota, tare da lambar sasi. In inji ya sauya, a karɓi rasit mai ɗauke da lambar sabon. A je ofishin lasisi da na jami'an duba lafiyar motoci a gyara. A sanar da kamfanin inshora. Rasit ɗin shi ne kariyar mai mota in aka wayi gari injin na sata ne. Ga masu ƙetara iyaka ta Kongolam zuwa Matamaye da Damagaram abin ya fi muhimmanci. Jami'in da ya ga lambar takarda ta saɓa da ta jikin inji yana da hujjar tsare motar, da kayan mutane a cikinta.

Kafin a rufe, akwai wani sabon dalili da ya shigo tun daga 2023. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin mayar da motoci su yi aiki da iskar gas ta CNG. Wannan iska ita ma da tartsatsin fulogi take kamawa. Don haka injin fetur ne ke karɓarta cikin sauƙi. A ƙara masa tukunya da kayan haɗi, ya riƙa aiki da duka biyun. Injin dizal ba ya karɓarta haka nan, sai da gyara mai zurfi. Ta wannan fuska, wanda ya koma fetur ya buɗe wa motarsa wata ƙofa. Sai dai ƙofar tana da amfani ne inda ake samun iskar. Gidajen sayar da ita sun fi yawa a manyan birane. Bututun da zai kawo gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano a 2020 aka ƙaddamar da aikinsa. Mai mota a Baure ya fara tambayar inda zai cika tukunya kafin ya sa wannan a lissafi. Tukunyar kuma tana da nauyi, tana cin wurin kaya. Ba kuma aikin mai walda ba ce. A Oktoban 2024 wata mota ta fashe a wurin shan gas a birnin Benin, hukumomi suka ce tukunyarta ba ta ƙa'ida ba ce.

Wa ya kamata ya sauya, wa ya kamata ya haƙura? In injin dizal ya buga, gyaransa ya kusa kuɗin wani inji, jikin motar kuma yana da sauran ƙarfi, sauyi yana da ma'ana. Haka in motar tana aiki ne nesa da masu gyaran injekta. Amma injin dizal mai lafiya, da ba ya shan baƙin mai, ba ya wahalar tashi, sauke shi don tsadar wata uku asara ce. Gara a kashe kuɗin wajen sauya matatar mai da ta iska a kan kari, da sayen dizal a inda aka amince. In kuwa sasi ya ruɓe, sitiyari yana wasa, ƙofa da igiya ake ɗaure ta, sabon inji gudu kawai zai ƙara wa motar da ba ta iya tsayawa. Wani lokaci sayar da motar a sayi wadda ta zo da fetur tun daga kamfani ya fi sauƙi.

Masu motoci da direbobi na Daura da Mai'adua da Zango da Baure da Sandamu, wanda ya yanke shawarar sauyawa ya tsaya a kan aikin da kansa. Ya ga an wanke tanki, an sauya tiyo, an gwada birki. Makanikai da masu rewaya, a riƙa faɗa wa mai mota cikakken kuɗin aiki tun ranar farko. Fasinjoji kuma, maza da mata, duk wanda ya ji warin fetur a cikin mota ya yi magana nan take, direba ya tsaya a duba. Allah Ya kiyaye hanya.